Layin Keken Narayi a Yare Huɗu

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Ina cikin mota a bayan sashen kwamfuta, ƙarƙashin darbejiya. Baban Gloria yana aji. Tun bayan Ista ni nake kawo shi, daga Narayi zuwa jami'ar, gaba kaɗan da Gonin Gora. Abin da muka gaya wa mutane shi ne ƙafarsa ta hagu ke ciwo, ba ya iya taka kuloci. Motarmu ba ta da kuloci, da kanta take canza giya. Har yau babu wanda ya lura.

Na sayi wannan littafin ne don zaman jira. A jaridar da na yi aiki kafin ta rufe, an koya mana mu fara da wa, da me, da ina, da yaushe, mu bar dalili ga masu sharhi. Haka zan yi.

Sashen ya kafa kwamiti ya duba tsarin karatu. A yanzu ɗalibi yana taɓa yarukan rubuta firogiram huɗu kafin ya gama: C, Java, Python da Prolog. Shawarar da ke gaban kwamiti ita ce a bar Python kaɗai, daga ajin farko har na ƙarshe. Dakta Alexander ne ya kawo ta. Idan ta wuce, kwas ɗin mijina Sylvanus, wato Baban Gloria, na aji uku ya mutu, wanda a cikinsa ake ɗaukar matsala ɗaya a warware ta da duka huɗun. Saboda shi ɗalibai ke kiransa Baba Huɗu. Ƙarshen wata za a yanke hukunci.

C da Prolog babu mai koyar da su sai shi. Shi kuwa ba ya ganin rubutu a takarda, ba ya gane fuska sai ta matso kusa. Sunan abin na san shi, ba zan rubuta ba. Idan kwamiti ya ji, ba sai an kaɗa ƙuri'a ba. Don haka ba za su ji ba sai bayan ƙuri'a. Shi ya yanke haka. Ni na yarda, ko dai in ce ban ƙi ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Ga yadda muke yi. Ni a kujerar gindin taga da kwamfutarsa a cinya, shi a tsaye a gaban bangon falo. Ina karanta masa tsofaffin darussansa layi layi, ina faɗin kowace baka da kowace aya, shi yana rubutawa a bango da yatsa. Sai ya maimaita ba tare da ni ba. Gobe ya je ya zuba shi a farin allo daga kansa. Ya ce allon ya san shi kamar tsakar gidan uwarsa: da kamu yake raba shi gida huɗu.

Matsalar bana layin 'yan keke mai ƙafa uku ne na mahaɗar Narayi. Wane keke ne zai yi lodi na gaba? Wanda ya fara zuwa. Amma wanda ya tafi shata ba ya rasa gurbinsa, idan ya dawo shi ne a gaba. Wanda ya je shan mai ba tare da ya faɗa ba ya koma baya. Sylvanus ya zauna da shugaban ƙungiyarsu bara ya kwaso dokokin.

Na ce masa, ni da ban san komai ba, Java ce ta fi ba ni haushi a karatu.

"Me ta yi miki, Edita?"

"Kafin keke ɗaya ya motsa sai an bayyana mene ne keke, wane ne direba, wa ya haife shi."

"Ai sakatariyar gwamnati ce. C kuwa ɗan dako ne, kai za ka nuna masa inda zai ajiye kowane kaya, ka manta ɗaya ya zubar maka a kwata. Python ɗan acaɓa, kafin ka gama magana kun isa."

"Prolog fa?"

"Alƙali. Ba ka ce masa yi kaza. Ka karanta masa doka, ka yi tambaya, ka jira."

Ya ci abinci. Ba mu yi maganar ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da rana

Dakta Alexander ya zo ya same ni a mota. Dogo ne, mai saurin magana, ɗan Binuwai da ya girma a Unguwar Sanusi. Tsohon ɗalibin Sylvanus ne.

"Mama, ina wuni? Kin zama ɗalibarmu ke nan."

"Ban ci jarrabawar shiga ba."

"Yaya ƙafar Baba?"

"Da sauƙi."

Ya jingina da ƙofar motar. "Don Allah ki gaya masa ba da shi nake faɗa ba. Shi ya koya mini C, har yau ina mafarkinta in farka da gumi. Amma Mama, yaran nan suna fita da yare huɗu, a kowanne ina kwana kawai suka iya. Kamfani ya kira su gwaji, a ba su aiki ɗaya, su zauna suna kallon kwamfuta kamar an kawo su biki ƙauyen da ba nasu ba. Rabin injunan ɗakin gwajinmu sun mutu. Wuta kuwa kin sani. A ba ni yare ɗaya na shekara huɗu, in fitar da yaron da zai ci abinci da shi."

Na ce zan faɗa masa.

Na rubuta maganarsa yadda ya yi ta, domin ban ga inda ta karkace ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da yamma

Na isar da saƙon. Ya ce, "Yana da gaskiya rabi." Na tambayi ina sauran rabin. Ya ce a karanta masa darasin Litinin.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan coci

Shi ne da karatu na biyu yau. Ya hau, ya buɗe littafi, ya karanta sura guda babu tuntuɓe. Daga inda nake zaune na hango shafin. Ba nan surar take ba, ko kusa.

Wata mata ta ce da ni a bakin ƙofa, muryar Oga kamar ta rediyo. Na gode mata.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

Ina ta juya maganar Alexander.

A ɗakin labarai muna da wani tsohon edita. Idan yaro ya kawo labarin da ya kwaso daga Turanci, sai ya kife takardar a tebur ya ce, faɗa mini da Hausa. Nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi dakon kalmomi. Mutum zai iya maimaita rahoton kasafin kuɗi da Turanci tsaf bai san abin da ke ciki ba. Ranar da aka tilasta masa ya faɗa da wani yaren, ranar yake gano mene ne labarin, mene ne kuma rigar da aka sa masa. Ina jin wannan ne rabin Sylvanus.

Amma na kuma san mutanen da ke jin yare biyar ba sa iya rubuta sakin layi ɗaya mai kyau da kowanne. Biyu daga cikinsu na gyara wa rubutu har suka yi ritaya.

Da ni ce a kwamitin, ban san ina zan jefa ƙuri'ata ba. Ban gaya masa haka ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da yamma

Gloria ta kira daga Jos, tana hutun rana a asibitinsu.

"Mummy, har yanzu?"

"Har yanzu."

"Ku biyun nan kun fi yara taurin kai. Idan ya faɗo daga matakala fa? Saboda wani Prolog da ko a kasuwa ba a sayar da shi?"

"Ga shi nan, ki gaya masa."

"A'a, ni ba zan iya da shi ba. Yana ɗiga maganin?"

"Ina ɗiga masa."

"Ke fa, kina barci?"

Na ce layin ba kyau.

Juma'a, 16 ga Mayu, da safe

Ruwan farko mai ƙarfi. Kwalbatin layinmu ya cika. Mun makara.

Litinin, 19 ga Mayu, da azahar

Ruwa ya hana ni zama a mota, sai na shiga ajinsa na zauna a bencin baya. Na riga shi shiga, yana ofis. Ga abin da na gani, bi da bi.

Wata yarinya ta goge allon, ta sake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, har kusurwoyi. Wani ya naɗe wayar majigi da ke kwance a ƙasa ya tura ta bayan tebur. Wani ya gwada maka, wato alƙaluman farin allo, ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunsa, ya zuba busassun a aljihu, ya bar baƙa mai kauri guda a gefen dama na teburin. An janye kujerar da ke kan hanya. Duk wannan babu mai magana, kamar masu shirya coci.

Ya shigo. Ya kai hannu dama, maka tana nan. Ya rubuta gida huɗu, layuka a miƙe. Da ya yi tambaya, babu wanda ya ɗaga hannu ya yi shiru. Kowa sai ya fara da sunansa. "Monday ne, sir." "Peace ce, sir." Su da yake koyarwa tun suna aji ɗaya.

A hanyar gida ya ce, "Kin ga? Ko ɗaya bai gane ba."

Na ce akwai rami a gaba, ya riƙe.

Talata, 20 ga Mayu, da yamma

Ba mu yi maganar ba.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Dakta Mustapha, shugaban sashe, ya sanar cewa kwamiti ya gaji da takardu. Laraba mai zuwa za su zauna a aji su gani da kansu. Ɗalibai ɗaya, ɗaki ɗaya, matsala ɗaya, wato layin keke. Alexander zai fara, ya warware ta da Python. Sylvanus ya biyo da nasa huɗun.

Ya dawo da murna. Rabon da in ji yana fito tun bara. Ya sa na karanta masa C sau da yawa har muryata ta dushe, ya ce in sha zuma.

Juma'a, 23 ga Mayu, da rana

Asibiti. Mun ƙetare gada da sassafe don mu samu layi. Likita ya faɗi abin da ya faɗa wancan karon, ya ƙara kaɗan a kai. Na hagu an gama magana. Na dama, ya ce, kamar mai leƙe ta bakin kwalba, kuma bakin yana tsukewa. Ya tambaya ko an sanar da wurin aiki. Sylvanus ya ce ana kan hanya.

Da muka fito na ce, "Baban Gloria, ka je ka sami Dakta Mustapha kafin Laraba. Mutumin kirki ne."

"Shi ya sa ba zan je ba."

"Idan abin ya fito ta wata hanya fa?"

"Ta ina? Ke kaɗai kika sani."

Ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton tawa take, ya kauce kaɗan.

"Edita, kin gyara labarin mutane da yawa. Wannan ki bar mini shi yadda na rubuta."

Na tayar da mota.

Asabar, 24 ga Mayu

Wanki. Bai bushe ba.

Litinin, 26 ga Mayu, da yamma

Bangon falo ya yi duhu a daidai tsayin kafaɗarsa, inda yatsa ke bi. Gida huɗu, ana ganinsu sarai idan rana ta faɗo ta taga. Na ɗauko soso, na mayar.

Ya ci abinci.

Laraba, 28 ga Mayu, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na shiga ajin da wuri na zauna a baya. 'Yan kwamiti biyar suka zo, Dakta Mustapha ya zauna a bakin bencina, ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa. Sylvanus yana ofis, ya ce ba zai saurari abokin hamayya ba, kada ya rikita masa abin da ya haddace.

Alexander ya yi kyau. Ya rubuta nasa da koriyar maka a gefen hagu na allon, gajere, mai tsabta, ya bayyana kowane layi, ya sa ɗalibai dariya. Ni ma na fahimta. Da ya gama yarinyar nan Peace ta miƙe da tsumma. Alexander ya ce a bari, don kwamiti ya kwatanta. Ta tsaya da tsumman a hannu. Dakta Mustapha ya ce, "A bar shi mana, 'yata." Ta zauna. Na ga ɗalibai suna duban juna.

Koren ba shi da ƙarfi. Na san ba zai gan shi ba. Na san kuma daga hagu yake farawa.

An aika a kira shi. Tsakanin aiken da shigowarsa akwai lokacin da zai ishi mutum ya ce a ba shi hanya, ya fita, ya tare shi a baranda ya faɗa masa kalma biyu. Zan iya tashi. Ban tashi ba.

Ya shigo ya gaishe da kwamiti ta wajen da ya ji tari. Ya ɗauki baƙar maka, ya auna kamunsa, ya fara C a kan rubutun Alexander. Baƙi a kan kore, layi a kan layi. Babu abin da ake ji sai ƙarar maka. Rubutun daidai ne, na san shi da ka. Ya yi nisa.

"Monday ne, sir."

"Bari in kai aya."

"Sir. Akwai rubutu a allon."

Ya tsaya. Ya ɗora tafin hannu a kan allon, ya bar shi a nan.

"Na wa?"

"Na Dakta Alexander."

"To. Alexander, ka yi haƙuri, na yi shuka a gonarka."

Babu wanda ya yi dariya. Ya rufe makar, ya juyo ga ɗaliban.

"Ku kuma tun yaushe?"

Sai wata murya daga tsakiya, wannan karon ba suna. "Tun kafin Ista, sir."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Dakta Mustapha, abin da ka gani haka yake. Za mu yi maganarsa a ofis. Akwai sauran lokacina?"

"Lokacinka ne, Malam."

Ya lalubi kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi a aji ba. Ya ce a goge nasa ɓarnar, a sake rubuta na Alexander yadda yake, domin ya san hannun yaronsa, ba za a sami kuskure ba. Ya kira ɗalibai uku su rubuta sauran ukun daga abin da suka koya. Suka rubuta. Sannan ya ce ƙungiyar 'yan keke ta yi taro jiya ta ƙara doka: wanda ya kai mai naƙuda asibiti, idan ya dawo shi ne a gaba. Kowa ya gyara nasa.

Yaron da ya sake rubuta na Python ya gama nan da nan. Na Java ya cika rabin gidansa da sabon bayani. Peace ta rikice a C, ta goge, ta sake, ta ce layin ya tsinke mata a tsakiya, keke biyu sun ɓace. Ya ce ta zauna, haka C take yi wa kowa, shi ma ta yi masa. Ban ga kwamiti ya ji daɗin wannan ba. Ɗaya ya rubuta wani abu.

Monday ne a Prolog. Layi ɗaya ya ƙara. Sai ya tsaya yana kallonsa.

"Sir, akwai wahala."

"Faɗi."

"Idan na shata da na asibiti suka dawo tare, amsa biyu zai ba ni. Kowanne shi ne a gaba."

"Python me ya ce?"

Yaron Python ya bi layukansa da yatsa. "Na shata, sir."

"Wa ya yanke haka?"

"Babu kowa. Shi aka fara rubutawa."

"To gobe akwai dambe a mahaɗar Narayi, kuma kai ka haɗa shi ba ka sani ba."

A nan aka yi dariya, har da kwamiti. Alexander ya taso ya tsaya gaban allon, hannu a ƙugu.

"Baba, da gwaji zan kama wannan."

"Za ka kama, idan ka san akwai abin kamawa. Wa ya koya maka zargin amsa ɗaya?"

Alexander ya ce har yanzu huɗu sun yi yawa, a dubi abin da ya sami Peace. Sylvanus ya ce a duba. Dakta Mustapha ya rufe zaman.

Sun daɗe a ofis. Ban shiga ba.

A Gonin Gora ya ce in tsaya ya ji ƙamshin masara. Na saya biyu. Yana ci ya ce, "Kina ciki tun farko?"

"Ina ciki."

"Kin ga koren."

"Na gani."

Ya ci gaba da cin masararsa har ƙarshe, ya miƙo mini totuwar in jefar.

Alhamis, 29 ga Mayu

Bai fito daga ɗaki ba. Bai ci abinci ba.

Juma'a, 30 ga Mayu, da rana

Yau kwamiti ke zama. Ba a gayyace shi ba, shi ma bai tambaya ba. Ya sa rediyo, ya kashe. Na ce in karanta masa wani abu. Ya ce na me.

Gloria ta kira. Na gaya mata. Ta ce, "Alhamdu lillahi," sannan ta fashe da kuka. Na riƙe wayar har ta gama.

Na tambayi kaina dalilin da ya sa ban tashi ba. Ina da amsa biyu, kowacce ita ce a gaba. Na bar wa masu sharhi.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Dakta Mustapha ya zo gida. Daga can ƙetaren kogi ya tuko kansa, ya ɓata a layinmu sau biyu, ya iso da laka har gwiwar wando da ledar lemo. Na ba su falo, na bar ƙofar kicin a buɗe.

Hukuncin: Python ce za ta zama yaren gida, aji ɗaya da aji biyu. Kwas ɗin aji uku ya tsira, amma da yare uku. An cire Java.

"Wannan ba zan zauna mata makoki ba," in ji Sylvanus. "Sai me?"

"Sai kai. Za ka ƙarasa wannan zangon da mai rubuta maka a allo. Daga nan hutun rashin lafiya, sai abin da likitocin jami'a suka ce. Ka san abin da za su ce."

"Na sani. Wa zai ɗauki kwas ɗin?"

"Alexander."

"Ya yarda?"

"Shi ya tashi ya ce ko an bar kwas ɗin babu mai koyarwa. Na ce to ga shi Allah ya kawo mana. Har yanzu bai daina kallona ba."

Na ji Sylvanus ya yi dariya ta hanci.

Can Dakta Mustapha ya ce, "Malam Sylvanus, tun muna ofis ɗaya da fanka ɗaya muke tare. Da ka gaya mini."

"Da na gaya maka, da ka tausaya mini, ka kashe kwas ɗin a hankali don kada in wahala."

"Haka ne," in ji Dakta Mustapha. "Da haka zan yi."

Da zai tafi ya tsaya a gaban bangon falo yana duban tabon nan gida huɗu. Bai tambaya ba. Ya ce, "Madam, sannu da ƙoƙari." Na raka shi mota.

Ya ci abinci. Ya nemi ƙari.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan coci

Ya gaya wa fasto a cire sunansa daga masu karatu. Fasto ya ce me ya sa, ai ba ya kuskure. Ya ce zai zo ya yi masa bayani.

Da dawowarmu ya ce, "Ranar Laraba." Na jira. Ya ce, "Masarar ta yi daɗi." Ina jin iyakar maganar da za mu yi ke nan, kuma ta isa.

Talata, 3 ga Yuni, da yamma

Alexander ya zo da kwamfutarsa da fuskar wanda aka aiko karɓar allura. Prolog rabonsa da ita tun yana aji uku, ya ce ko gaisuwa ya manta. Ya zauna a kujerar gindin taga. Ban ce masa tawa ce ba.

"Baba, ni fa har yanzu ina kan bakana."

"Zauna a kai. Karanta."

Ya fara, da gudu.

"Kai, a hankali! Ɗan acaɓa. Ka faɗi baka, ka faɗi aya. Edita ba ta taɓa tsallake mini ko ɗaya ba."

Na ɗauki tiren wake na fito baranda. Ta taga ina jin su, ɗaya na karantawa, ɗaya na katsewa. Na lura leɓena yana motsi, yana riga Alexander zuwa ƙarshen layi. Na sa shi ya daina.

Maman Hope ta gidan gaba ta leƙo ta kan katanga tana kwashe shanya.

"Maman Gloria, baƙi kuka yi? Yaya ƙafar Oga?"

Na ce, "Ƙafarsa lafiya lau. Idon ne."